Wankin Hanji Kafin Gwajin Kolonoskofi: Wane Magani Ya Dace da Wa?

Kolonoskofi gwaji ne da likita ke zura siririn bututu mai lanƙwasuwa, mai fitila da kyamara a bakinsa, ta dubura, ya bi babban hanji tun daga ƙarshensa har inda ya haɗu da ƙaramin hanji. Tsawon babban hanji ya kai kimanin mita ɗaya da rabi, kuma cike yake da lungu da ninki. Abin da ake nema a ciki sau da yawa ƙaramin tsiro ne da bai wuce ƙwayar dawa ko ta wake ba, wanda idan aka bar shi shekaru zai iya rikiɗa ya zama ciwon daji. Idan aka gan shi, a nan take ake cire shi. Amma kyamara ba ta gani ta cikin kashi. Shi ya sa ake wanke hanji tas kafin ranar gwaji, kuma wannan aikin a gida ake yin sa, a hannun mara lafiya da masu jinyarsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa ciwon dajin babban hanji a matsayin na uku wajen yawa a duniya, na biyu kuma wajen kisa: a shekarar 2020 an samu sababbin masu ciwon fiye da miliyan 1.9, sama da mutum 930,000 suka rasu. A Amurka, a 2021 aka sauko da shekarun fara gwajin daga 50 zuwa 45. A asibitocin Najeriya kuwa ana yawan ganin ciwon ga masu ƙananan shekaru fiye da yadda ake gani a Turai, kuma da yawa sai ya yi nisa suke zuwa, bayan an daɗe ana shan maganin basir. Wanda mahaifinsa, mahaifiyarsa ko ɗan'uwansa na jini ya yi ciwon, ana ba shi shawarar ya fara gwaji tun yana da shekara 40, ko shekara goma kafin shekarun da aka gano ciwon ɗan'uwan nasa, duk wanda ya riga zuwa.

Me ake asara idan hanji bai wanku ba?

Likitoci suna ba wankin hanji maki. Ma'aunin da aka fi amfani da shi, na birnin Boston, ya raba hanjin gida uku, kowane sashe ana ba shi maki daga 0 zuwa 3, jimilla 9. Ana son kowane sashe ya samu aƙalla 2. Idan hanji ya wanku kuma ba a ga komai ba, mai matsakaicin haɗari yakan yi shekara goma kafin ya sake gwajin. Idan bai wanku ba, sai a ce ya dawo cikin shekara guda, wani lokaci ma washegari, ya sake shan magani daga farko.

Ga mutumin Garki, Ringim, Taura ko Jahun wannan ba ƙaramar magana ba ce. Yakan fara ganin likita a kusa da gida, ko a Asibitin Koyarwa na Rasheed Shekoni da ke Dutse, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, daga nan a ba shi rana a inda za a yi gwajin, wanda sau da yawa Kano ne, irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Kuɗin mota, kuɗin gwaji, kuɗin magani, ɗan rakiya da ya bar gonarsa ko shagonsa, duk sai a sake biyan su. Mafi muni shi ne a yi gwajin a hanji mai datti-datti, tsiro ya ɓuya a bayan kashi, mutum ya koma gida da kwanciyar hankalin da ba ta da tushe.

Maganin lita huɗu

Wanda aka fi daɗewa ana dogaro da shi shi ne ruwan PEG, wato foliyetilin gilaikol haɗe da gishirin jiki, wanda aka fara amfani da shi a Amurka a 1980. Ana samun sa da sunaye kamar Fortrans, Klean-Prep da GoLytely. Gari ne a ƙunshi. A Fortrans da Klean-Prep, kowane ƙunshi ɗaya ana narkar da shi a ruwa lita ɗaya, wato ledar fiya wata biyu mai santilita 50. Babban mutum yakan sha lita uku zuwa huɗu, kofi ɗaya duk minti goma zuwa sha biyar.

Yadda yake aiki shi ne sirrin amincinsa. Hanji ba ya tsotse shi, shi ma ba ya janyo ruwa mai yawa daga jiki. Wucewa kawai yake yi kamar ruwa a magudana, ya tafi da abin da ya tarar. Saboda haka shi likitoci suka fi zaɓa wa tsofaffi, masu ciwon ƙoda, masu ciwon zuciya da ke kumbura ƙafa, masu ciwon hanta da ruwa ya taru musu a ciki, da masu gyambon hanji. Ko su ɗin ma sai da sa idon likita.

Aibinsa yawa da ɗanɗano. Gishiri-gishiri ne mai santsi, kuma daga lita ta uku mutane da yawa kan ji tashin zuciya da kumburin ciki. Wanda ya sha rabi ya zubar da saura bai ci moriyar amincin maganin ba. Sanyaya shi a firiji ko a jingina robar a jikin randa yana rage ɗanɗanon sosai. Haka shan sa da tsinken shan lemo, ko tsotsar lemon tsami tsakanin kofi da kofi. Idan amai ya taso, a dakata minti talatin, sannan a ci gaba a hankali. Kada a zuba masa sukari ko garin lemo mai launi.

Na lita biyu da na lita ɗaya

Don a rage wahalar sha aka haɗa PEG da sinadarin bitamin C mai yawa. Moviprep lita biyu ne, Plenvu lita ɗaya. Ga mai lafiyar jiki suna wanke hanji kusan daidai da na lita huɗu. Sai dai akwai abin da ake yawan mantawa: dole a bi su da ƙarin ruwa, aƙalla rabin lita bayan kowane kashi. Wanda ya sha Moviprep yadda ya kamata, lita uku ya sha, ba biyu ba.

Akwai gargaɗin da ya shafe mu fiye da Turawa. Waɗannan magunguna ba su dace da mai ƙarancin sinadarin G6PD a jini ba, domin bitamin C mai yawa na iya farfasa masa jajayen ƙwayoyin jini. Wannan larura gado ce, ta fi kama maza, kuma tana da yawa a Afirka ta Yamma. Mutane da yawa ba su san suna da ita ba. Idan ka taɓa yin shawara ko fitsari mai duhu kamar shayi bayan shan wani magani, ko an taɓa gaya maka hakan game da ɗanka ko ɗan'uwanka, ka faɗa wa likita kafin ya rubuta.

Ɗan ƙunshi mai kofi ɗaya

Picolax, Picoprep da CitraFleet haɗi ne na sodiyam fikosalfet, mai motsa hanji, da maganiziyam, mai janyo ruwa zuwa cikin hanji. Ƙunshi biyu ne. Kowanne ana dama shi a ruwan sanyi mililita 150, ƙasa da kofin shayi, a juya minti biyu zuwa uku. Idan kofin ya ɗauki zafi ba lalacewa ya yi ba, a jira ya huce. Ɗanɗanonsa na lemo ne, kuma a cikin duk magungunan shi mutane suka fi jurewa.

Sauƙin nan ne tarkonsa. Ruwan da zai wanke hanjin daga jikinka zai fito, don haka sai ka mayar da shi: lita biyu ko fiye tsakanin ƙunshi na farko da lokacin daina sha. Kuma kada ya zama tsurar ruwa kaɗai, domin gishirin jini na iya faɗuwa, mutum ya rikice ko ya yi jijjiga. A riƙa surkawa da ruwan gishiri da sukari irin na masu gudawa, da tataccen romo, da shayi. Mai ciwon ƙoda mai tsanani ko gazawar zuciya ba ya shan wannan. Tsoho mai rauni da mai shan maganin sa fitsari ma sai an yi taka-tsantsan. A watannin Maris, Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Jigawa ke tatse ruwan jiki tun kafin a sha komai, taka-tsantsan ɗin ya ninka.

Wanda aka ja baya da shi

Ruwan sodiyam fosfet, wanda aka sani da Fleet Phospho-soda, ya yi tashe saboda ƙanƙantarsa: mililita 45 sau biyu. Daga baya aka gano yana iya lalata ƙoda, wani lokaci lalacewar da ba ta gyaruwa. A Disambar 2008 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi mai ƙarfi a kansa, kamfanin ya janye wanda ake sayarwa ba da takardar likita ba. Ƙungiyar likitocin leƙen hanji ta Turai ma ba ta goyon bayan a riƙa ba kowa shi. Haɗarin ya fi ga wanda ya haura shekara 55, mai hawan jini da ke shan irin su lisinofiril ko losatan, mai shan maganin sa fitsari, da mai yawan shan maganin ciwon jiki irin su diklofenak da ibufurofen. A ƙasar da mutane da yawa ke yawo da raunin ƙoda ba su sani ba, ra'ayinmu shi ne kada a sha shi sai an auna ƙoda, kuma sai idan babu wani.

A Amurka akwai kuma na sinadarin salfet, Suprep na ruwa da Sutab na ƙwaya 24, wanda aka amince da shi a 2020. Shi ma da ruwa mai yawa ake haɗiye shi.

Abin da aka saba da shi a nan gida

Magungunan da aka ambata duk daga waje ake shigo da su. Suna da tsada, kuma ba kowane kemis ke ajiye su ba. Saboda haka cibiyoyi da dama a Najeriya suna da nasu haɗin mai rahusa: ƙwayar Dulcolax ta kwana biyu ko uku, da man gelo, wato man zurma, ko gishirin Epsom, a haɗa da cin abinci mai ruwa-ruwa na kwanaki, wani lokaci a ƙara da ɗura ruwa ta dubura da safiyar gwaji. Wasu na ba da ruwan manitol.

Waɗannan suna aiki, kuma sun sa mutane da yawa sun samu gwajin da da ba za su iya biya ba. Amma a san iyakarsu. Kwanakin ƙaurace wa abinci sun fi yawa, murɗar ciki ta fi tsanani, kuma sakamakon bai cika zama iri ɗaya daga mutum zuwa mutum ba. Gishirin Epsom maganiziyam ne, don haka haɗari ne ga mai ciwon ƙoda. Ruwan da ake ɗurawa ta dubura ƙarshen hanji kawai yake wankewa, ba ya kaiwa ɓangaren dama, inda shimfiɗaɗɗen tsiro mai wuyar gani ya fi ɓuya. Manitol kuwa sukari ne da ƙwayoyin halittar hanji ke ruɓarwa su fitar da iska mai kamawa da wuta, kuma tun a shekarun 1970 aka ba da rahoton fashewar hanji lokacin da aka ƙona tsiro da lantarki. Abin ba ya yawan faruwa, kuma likitocin da ke amfani da shi suna da hanyoyin zuƙe iskar, amma dalili ne da ya sa ƙasashe da yawa suka bar shi. Idan aljihu zai iya, PEG ya fi. Idan ba zai iya ba, ka gaya wa likita gaskiya ya tsara maka mai rahusa, maimakon ka sayi ƙunshi biyu a inda aka rubuta huɗu.

Filasko, sanamaki, kanwa da jiƙe-jiƙen masu maganin gargajiya ba sa maye gurbin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Gudawa daban, wankin hanji daban. Haɗa su da maganin asibiti kuma na iya ƙarar da ruwan jiki.

Lokacin sha ya fi sunan magani tasiri

A kan wannan ne binciken likitoci ya fi haɗuwa. Raba maganin gida biyu, rabi da yamma rabi da safiyar gwaji, ya fi shanye shi duka da dare, kowane iri ne kuwa. Dalili shi ne hanji ba ya barci. Cikin dare ƙaramin hanji yana ci gaba da zubo majina da ruwan matsarmama, su lulluɓe ɓangaren dama. Ƙa'idar ita ce a fara kashi na biyu awa huɗu zuwa shida kafin gwaji, a gama shi aƙalla awa biyu kafin lokacin, daga nan ko ruwa ba a sha.

Misali, wanda aka ba ƙarfe goma na safe zai sha rabin farko tsakanin Magariba da bayan Isha'i, ya fara rabin biyu da misalin ƙarfe biyar na asuba, ya gama kafin bakwai. To a nan matsalar nisa take shigowa. Maganin yakan fara aiki cikin awa ɗaya zuwa uku, kuma zagayawa takan ci gaba bayan an gama sha. Ba abin da za a yi a motar haya ba ne, balle a tasha ana jiran mota ta cika. Mafita mafi kyau ita ce a kwana a garin da za a yi gwajin, a gidan dangi ko masauki, inda ban-ɗaki yake kusa kuma ba a layi. Idan hakan ba zai yiwu ba, a roƙi a ba da lokacin rana, a tsara da ma'aikatan jinya yadda za a gama sha a huta awa biyu kafin a kama hanya. Shanye duka da dare shi ne zaɓi na ƙarshe.

Alamar an wanku ita ce abin da ke fita ya zama ruwa garau mai ɗan rawaya kamar fitsari, babu gudaji. A masai na rami ba a ganin wannan. A tanadi fo ko bokiti don zagayawar ƙarshe. Idan har da safe ruwan ƙasa-ƙasa ne mai kauri, a sanar da asibiti da wuri, domin ana iya ƙara magani a ɗaga lokacin zuwa rana.

Abinci

Yawancin abincinmu na yau da kullum mai dusa ne da ganye da 'ya'ya, abin da ke da amfani a sauran ranaku amma yake maƙalewa a hanji. Kwana biyu zuwa uku kafin gwaji a ajiye tuwon dawa, gero da masara, fura, dambu, wake da ƙosai da alale, zogale, rama, miyar kuka da kuɓewa, gyaɗa, aya, riɗi, dabino, gwaiba da kankana. 'Ya'yan kuɓewa, tumatir da riɗi har bututun kyamarar suke toshewa. A ci farar shinkafa ko tuwonta, taliya, farin burodi, ƙwai, kifi, kaza, da kokon da aka tace sosai.

Ranar jajiberi, bayan abinci mara nauyi da safe, ko yadda takardar asibitinku ta ce, sai ruwan da ake hango ƙasan kofi ta cikinsa: ruwa, shayi ba madara, tataccen romo mara mai, Sprite ko 7Up, ruwan gishiri da sukari. Kunu, koko, nono da madara ba sa cikin wannan sahu ko da sun tsinke. Zoɓo da duk wani abin sha ja ko shuɗi a bar shi, domin a kyamara kama yake da jini. Goro ma a haƙura da shi.

Magungunan da kake sha da cututtukan da kake da su

Ka tafi da duk magungunanka a leda ranar da za a rubuta maka na wankin hanji. Ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe ana dakatar da ita kwana bakwai kafin gwaji, saboda tana baƙanta kashi ta sa shi danƙo. Masu tsinka jini irin su wafarin da kilofidogirel likita ne zai faɗi ranar tsayarwa da ranar komawa, kada ka yanke da kanka. Ƙaramin asfirin galibi ana ci gaba da shi. Mai ciwon sukari yana buƙatar a rage masa insulin ko a dakatar da irin su Daonil a ranar da ba ya cin abinci, a ba shi lokacin farko da safe, ya kuma ajiye lemo mai sukari kusa saboda rawar jiki da gumi. Maganin hawan jini da na farfaɗiya yawanci ana sha, amma kada ya zo cikin awa ɗaya kafin maganin wankin, don zai wuce ba tare da ya shiga jiki ba. Mace mai shan ƙwayar tazarar haihuwa ta ƙara da wata kariya har ƙarshen zagayen watan. Mai juna biyu, ko mai zaton tana da shi, ta faɗa tun farko.

Mai sikila ya kula ƙwarai da shan ruwa, domin bushewar jiki na tayar da ciwon. Mai taurin bayan gida na dindindin, mai shan taramol ko kodin, wanda ya yi shanyewar ɓarin jiki, da wanda wankinsa na baya bai yi kyau ba, sukan buƙaci cikakken lita huɗu, wani lokaci da ƙarin kwana guda na shiri. Mai ƙwarewa idan yana sha, ko wanda hankalinsa ba ya tare da shi sosai, a asibiti ya kamata a ba shi.

Wanda cikinsa ya kumbura, yana amai, ya daina fitar da kashi da tusa, kada ya sha ko ɗaya daga cikin waɗannan magunguna ko da an riga an rubuta masa. Alamar toshewar hanji ce, kuma tura ruwa a bayan toshiya na iya fasa hanji. Asibiti za a kai shi a ranar.

Shirin wankin hanji ba ya haɗuwa da azumi. Idan gwajin na bincike ne kawai ba tare da wata alama ba, ana iya neman rana bayan Sallah. Idan kuwa akwai zubar jini, rama ko ƙarancin jini, jinkirin wata guda ba shawara ba ce mai kyau, a tattauna da likita.

Ga mai jinya

Aikinka ƙirga kofi da duba agogo, domin mai sha yakan ce ya gama alhali da saura. Ka rubuta lokacin kowane kashi a takarda. Ka tanadi fitila da buta, ka share hanyar ban-ɗaki, ka riƙe tsoho idan zai tashi saboda jiri. Shafa basilin a dubura tun kafin a fara yana hana zafi da saɓulewa, musamman ga mai basir. Murɗar ciki kaɗan, jin sanyi da gajiya ba abin tsoro ba ne. Amma amai da ya ƙi tsayawa, ciwon ciki mai tsanani, suma, rikicewa, jijjiga, bugun zuciya ba daidai ba, ɗaukewar fitsari, jini mai yawa, ko kumburin fuska da ƙaiƙayi, duk suna nufin a daina sha a nufi asibiti mafi kusa, ba sai wanda ya ba da ranar gwaji ba. Bayan gwajin, idan an yi allurar sa barci, mara lafiya ba zai tuƙa mota ko babur ba har sai washegari, don haka da kai zai koma gida.